Na Buɗe Tocilarki, Uwata

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ja kwananmu har muka ga wagga rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama.

Daga Nomau mai haƙar rijiya, nan Tawa, zuwa ga ɗiyata mai sunan mahaifiyata, wadda bakina ba ya iya kiran sunanta sai dai in ce Uwata. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina yi miki barka da hanya. Ina fatan kin sauka Tebaram lafiya, kuma motar kamyon nan mai tari kamar tsohon jaki bai kakkarya miki ƙashi ba. Ki gaida gwaggonki da za ki zauna wurinta. Allah ya sa kin shiga garin da ƙafar dama, ya sa aikin karɓar haihuwa da gwamnati ta tura ki ya zama alheri gare ki da matan can.

Na san boko ya cika miki kai, amma ban yarda kin manta ajami ba. Ki zauna ki karanta a hankali, kwana biyu na yi ina rubutawa.

In kina riƙe da wagga takarda, to kin buɗe akwatinki, kin same ta naɗe a jikin sabuwar tocilarki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Uwata, na buɗe tocilarki. Na kwance ta da bakin wuƙa, na ɓantare jan fentin nan, kuma takardar garantin da kika adana cikin littafinki ta mutu. Ba ta da sauran amfani sai dai ki ƙunshe goro da ita.

Na sani, na sani. Ran Laraba kika shigo da ita daga butiki, wato kanti, da kuɗin aikinki na fari kika saye ta, kina murna kamar an ba ki kujerar Makka. Kika nuna mana takardar, kika ce shekara guda in ta lalace su gyara ko su canza kyauta. Kika nuna mana wurin da aka yarda a buɗe a sa pil, abin da 'yan Sakkwato ke ce wa batir, da ɗigon jan fenti kusa da makunni, wanda in aka taɓa shi magana ta ƙare. Sannan kika juyo kika dube ni kika ce, "Baba, don Allah don Annabi, wagga kam kada ka taɓa ta." Na ce, "Ni? Mi ya haɗa ni da tocilarki?" Innarki ta yi dariya har muciya ta faɗi daga hannunta. Alkawari na yi miki, kwana ɗaya tak ya yi a raye.

Tocilar tana aiki, kada gabanki ya faɗi. Yadda aka yi ta tashi zan gaya miki. Amma abin da ke damuna shi ne ko za ki yafe mini, ko za ki sake yarda da maganata. Ban iya faɗa miki ido da ido ba, ni da nake shiga rijiya mai gaba ashirin ko gezau. Kafin ki yanke mini hukunci, bari in ba ki labarin ubanki da tocila, don ba yau muka fara ba. Wasu kin gani da idonki kina ƙarama, amma ba ki san cikinsu ba.

Tocilata ta fari na saye ta kina 'yar shekara bakwai, tun Faransawa na mulki. Na haƙa wa wani mai raƙuma rijiya can arewa, ya biya ni da kyau, na zo kai tsaye kanti. A lokacin duk unguwarmu ba mai tocila sai wani tsohon soja. Komin kantin, wato malamin da ke bayan tebur, ya miƙo mini ita da wata takarda mai rubutun Faransanci da hatimi a ƙasa. Ya ce, "Wannan garanti ce, ta shekara guda. Ka ajiye ta inda ba za ta ɓata ba. In tocila ta lalace ka zo da su tare." Na ce to. Ban tambaye shi mi aka rubuta ba, ban tambaye shi wane wuri ne mai amfani a jikinta ba. Mutane na tsaye bayana, ban so a ce Nomau baƙauye ne.

To ke ki gaya mini, mu nan ina muke ajiye rubutacciyar takardar da ba a so ta ɓata? Cikin fata mana! Na wuce wurin baduku na ce ya ɗinke mini ita kamar laya. Ya ninka ta, ya ga ta yi faɗi, ya sa wuƙa ya rage gefe da gefe. Da ya zo kan hatimin ya ce, "Wanga baƙin tabo ai ba rubutu ba ne, ƙazanta ce," ya yanke shi ya yar. Na ce madalla, aikinka na kyau. Ya ɗinke ta cikin jar fata, har da 'yan tuntaye, na rataya ta a zoben tocila. Wallahi Uwata, ran nan sau uku na zaga kasuwa da tocila a kafaɗa, rana tsaka. Mutane na tare ni suna tambaya wane malami ya yi mini, ina cewa daga Faransa ta zo.

Wata biyar makunni ya ƙi. Na tafi kanti da ƙarfin gwiwa, na aza tocila a tebur. Komi ya ce, "Ina takarda?" Na nuna masa layar. Ya dube ta, ya dube ni. Aka kawo reza aka farke. Zufa da ruwan rijiya sun riga sun shige ta, ta dunƙule kamar ƙullin dawo, ba hatimi, ba kwanan wata. Mutumin nan ya yi dariya har ya kwanta kan tebur, ya kira na cikin sito su zo su gani. Na kwashi tocilata da 'yar fatata na fito, kunnuwana na zafi.

Ga abin da nake so ki ɗauka a nan. Duk takardar da aka ba ki, ki tambaya mi ta ce, mi ke raya ta, mi ke kashe ta, ko da bayanki cike yake da mutane. Ke kam kin iya karatu, wannan ba zai dame ki ba sosai. Wanda ya fi shi ne wannan: yanzu ke ce za ki zauna bayan tebur. Za ki ba mace kati ki ce ta dawo da shi, ta dawo miki da shi ɗinke a fata, ko ta ce ta wanke rubutun ta sha don ciki ya zauna. Kada ki yi dariya, kada ki kira kowa ya zo ya gani. Ba wauta ba ce, girmama takardarki ta yi iyakar saninta. Ki sake rubuta mata wani, ki yi mata bayani da Hausa sannu a hankali. Shekara goma sha uku ke nan, har yau in na bi ta gaban kantin nan sai na sauya gefen hanya.

Daga kanti na nufi wurin Illa mai gyara. Kin san shi, mai zama ƙarƙashin itacen dogon yaro a bakin kasuwa, da teburinsa na kwaɗo da agogo da fitilu. Abin da ba ki sani ba shi ne aminina ne tun muna yara, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Ya juya tocilar ya ce dala shida. Ni kuwa zuciyata na tafasa da dariyar komi, sai na sauke a kansa. Na ce, "Dala shida don ɗan ƙarfen da bai kai farce ba? Illa, ashe kai ɓarawon zaune ne!" A gaban mutane na faɗa. Bai ɗaga murya ba. Ya turo mini tocilar ya ce, "Ɗauki kayanka, Nomau. Je ka gyara da kanka." Na ce ai kuwa zan gyara. Daga ranar ba mu sake gaisawa ba.

Haka na zama mai gyaran tocila na gidana. Kuma kada ki ce ban iya komai ba, na iya wasu, ki riƙe su don can ba kanti. In pil na rawa a ciki, ki dunƙule takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin taba ki cusa a gindi. In bakin ƙarfen ya yi tsatsa, ki goge da toka da busasshen tsumma. In za ki daɗe ba ki kunna ba, musamman da bazara, ki cire pil, in ba haka ba su zubo da farin gishirinsu su cinye cikin. Ki ajiye ƙwan tocila guda na ko-ta-kwana cikin kwalin ashana da auduga. Pil da ya gaji, in kika shanya shi a rana yakan farfaɗo ya ba ki ɗan haske, amma kada ki dogara da shi ran aiki. Waɗannan duk na gwada, gaskiya ne.

To da a nan na tsaya da an zauna lafiya. Sai na ce a raina, in zafin rana na tada pil, ai zafin wuta ya fi. Ranar da kawunnanki suka zo daga Kalfu, innarki ta aza miyar kuɓewa da naman rago, na lallaɓa na tura pil biyu cikin rushin murhu, ƙarƙashin tukunya. Na koma na zauna da baƙi muna hira. Can sai muka ji fam! Toka ta tashi sama ta sauko cikin miya, wani wari ya cika gida, kaji suka watse, ke kika ruga bayan rumbu kina kuka. Innarki ta fito fuska fari fat da toka, ludayi a hannu. Babban kawunki ya ce lafiya? Na ce ina jin dutsen murhu ne ya fashe. Ta sa itace ta tono gawar pil ɗin, ta kawo ta aje gabana a kan tabarma. Ran nan da fura baƙi suka kwana. Har yau in kawunki ya gan ni sai ya ce, "Nomau, ina labarin dutsen murhu?"

Makunnin nan kuwa, da na ƙi biya a gyara, na kashe masa ƙwai uku, na fasa gilashi biyu, na ɗaure shi da robar tayar keke har ya zama sai an matse da hannu biyu an buga a gwiwa sannan ya kawo wuta. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Abin da na kashe ya ninka na Illa ban san sau nawa ba, ban taɓa yarda na lissafa ba don kada in ji haushi.

Don haka, Uwata, ki san iyakar hannunki. Abin da kika iya ki yi shi ba tsoro. Abin da ya fi ƙarfinki ki tura shi gaba da wuri. In haihuwa ta zo da gardama kika ga ba taki ba ce, ki nemi mota ko raƙumi ko amalanke a kawo ta babban likita nan Tawa tun da sauran ƙarfi a jikinta. Kada ki tsaya don kar a ce 'yar lakwal, wato 'yar boko, ta kasa. Ni tocila na lalata da taurin kai, ke rai ne a hannunki. Kuma in mai sana'a ya faɗi kuɗin aikinsa, ki yi ciniki, ciniki halal ne, amma kada ki zage shi. Haushin da wani ya ba ki kada ki kai shi teburin wani.

Labari na uku shi ne wanda ya kusa mayar da ke marainiya, kuma ba a taɓa gaya miki gaskiyarsa ba, an ce miki zazzaɓi ne ya kada ni. Shekarar da ta bi samun mulkin kai aka kira mu yasar wata tsohuwar rijiya a Kalfu, ni da Baba Mantau, wanda ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa. Al'adarmu, kafin mutum ya shiga tsohuwar rijiya, sai an ɗaura fitilar aci-balbal a igiya an zura. In wutar ta kai ƙasa da ranta, a shiga. In ta mutu a hanya, iskar ciki ba ta da kyau, sai a yi ta zura ganye ana jawowa har ta sake. Ni a tunanina don gani ake zura fitilar, sauran duk camfin tsofaffi ne. Da Baba Mantau ya fara neman ashana sai na ce, "Haba Baba, zamani ya sake. Mi za mu yi da aci-balbal ga tocila?" Ya ce, "Kai yaro, bari in gwada." Ina! Kafin ya kunna na riga na kama igiya. Abu ɗaya ya ci nasara a kaina, ya ɗaura mini igiya ta biyu a ƙugu yana faɗa.

Na sauka. Tocila na haske tar, ina ganin kowane tsagi a bango, ina jin daɗi, ina cewa yau tsoho zai ga aiki. Sai na ji kaina ya yi nauyi, ƙafafuna sun zama na wani. Ban ji tsoro ba, abin mamakin ke nan, barci mai daɗi kawai na ji. Tocila kuwa ko a jikinta, haskenta bai ragu ba ko kaɗan. Baba Mantau ya leƙo ya kira ni, shiru, ya ga haske ya tsaya wuri ɗaya. Ya yi kururuwa, masu ban ruwa suka taru suka jawo ni kamar guga. Na farka a ƙasa, jiƙe sharkaf, tsoho na marina yana salati. Kin san abin da na fara cewa? "Ina tocilata?" Ya ƙara mini wani marin, wannan kam ba na magani ba ne. Da aka zura aci-balbal, ko rabi ba ta kai ba ta mutu.

Can Tebaram za ki tarar da tsofaffin unguwarzoma waɗanda suka karɓi rabin garin da hannunsu. Ke kin zo da almakashi da magani da farar riga. Wasu abubuwan da suke yi dole ki hana, kin fi ni sanin waɗanne. Amma kafin ki ce a daina abu, ki tambaya don mi ake yinsa. Wataƙila yana wani aiki na biyu da kayanki ba sa yi. Ki fara zuwa gaishe su kafin su zo gaishe ki, ki kai musu goro, ki kira su Inna. Da tsohuwar zuma ake magani. In suka yarda da ke, su za su riƙa buga miki ƙofa.

To, mu zo kan laifin shekaranjiya. Ran Alhamis kin fita sallama da 'yan'uwa, innarki ta shiga maƙwabta daka. Akwatinki a buɗe. Wallahi ɗauka kawai na yi in ji nauyinta. Na kunna, na kashe. Na sake kunnawa. Sai na ce a raina makunnin nan kamar ya yi tauri. Bai yi tauri ba, Uwata, lafiyarsa lau. Hali zanen dutse. Ban san lokacin da wuƙa ta zo hannuna ba. Jan fenti ya ɓantare, murfi ya ɗaga, wani ɗan murɗaɗɗen ƙarfe ƙarami kamar ƙwayar gero ya yi tsalle tsit, ya faɗa cikin rairayin tsakar gida. Na mayar da murfi na danna. Ko ƙyas.

Na ɗauko rariyar innarki na durƙusa ina tankaɗe tsakar gida. Kaji suka zaci hatsi nake nema, suka kewaye ni. Har yanzu ina zargin jar kazar nan, don na ga ta haɗiye wani abu ta dube ni. A haka innarki ta shigo ta same ni, gemu duk ƙasa. Ba ta ko tambaya ba. Ta ce, "Nomau, ka taɓa ta." Ta zauna kan turmi ta yi dariya har hawaye. Sannan ta share ido ta ce, "Amma ka san da ita yarinyar nan za ta karɓi haihuwa, a ɗakin da ba lantarki, a garin da ba kanti?" Nan dariya ta ƙare. Na ji kunyar da ban ji ba ko a gaban komi.

Ba zan ɓoye miki ba, shaiɗan ya kawo mini shawara. Na ce a samo jar galura a ɗiga a wurin, a kai kanti a ce haka aka saye ta. Innarki ta ce, "In suka gane fa? Sunan wa ke kan takarda, naka ko nata? Ka so a ce ɗiyarka maƙaryaciya ce tun ba ta isa wurin aikinta ba?" Nan take na watsar da shawarar. Matar nan ta fi ni hankali tun ranar da aka kawo ta, na daɗe da sani, faɗa ne ban yi ba.

Jumma'a da hantsi na ɓoye tocila cikin riga na tafi butikin da kika saye ta, na gaya wa komin gaskiya, na ce ni na buɗe, mai ita ba ta sani ba. Yaron kirki ne, bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, garanti kam ta faɗi. Sai dai mu aika Yamai a gyara da kuɗinka, kusan kuɗin sabuwa, kuma sai ta yi wata biyu." Sabuwa irinta ma babu, taki ce ta ƙarshe. Ke kuwa Lahadi za ki tashi. Duk Tawa mutum ɗaya ya rage.

Sau uku na wuce ta gaban dogon yaron nan ina yi kamar ina neman wani. A na huɗu, Illa, ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Nomau, za ka cinye mana hanya. Zauna." Na zauna. Na ce, "Ina kwana, Illa." Ya ce, "Lafiya lau. Ka kwana biyu." Kwana biyu! Shekara goma sha uku! Na dube shi, gemunsa ya yi fari, yana sa tabarau, ni ban san lokacin da ya tsufa ba. Na fiddo tocila. Ya juya ta, ya ga wurin fentin, ya ce, "Wannan aikin na san mai shi." Na ce ta Uwata ce. Ya ce, "Likita? Wadda za ta Tebaram?" Ashe duk labarinki yana da shi, har ranar da kika ci jarrabawa ya sani. Ya ce, "To ji sharaɗina. Ka sa hannuwanka biyu ƙarƙashin cinyarka ka zauna a kansu har in gama." Uwata, ubanki da furfurarsa ya zauna kan hannuwansa a bakin kasuwar Tawa, masu wucewa na kallo. Sau ɗaya na ce, "Da ka ɗan karkata shi hagu." Ya dube ni ta saman tabarau, na kama bakina.

Ya ciro ɗan ƙarfe daga cikin wani mataccen agogo, ya yanka, ya lanƙwasa, ya sa. Ya danna, haske ya fito, har cikin rana ana ganinsa. Ya kunna ya kashe ya fi sau talatin. Na ce nawa? Ya ce dala goma sha biyu, komai ya tashi. Bakina ya buɗe da kansa, tsohuwar maganar nan ta taso har maƙogwaro, na haɗiye ta. Na biya ban nemi ragi ba, karo na fari a rayuwata. Sannan na ce, "Illa, maganar da na faɗa maka, ka yafe ni." Ya ce, "Wace magana? Tashi mu je masallaci kada mu rasa sahu." Bayan an sauko ya kashe rabin kuɗin a wurin mai tsire, muka zauna muka cinye, muna dariyar layar garanti har mai tsiren ya tambaya ko biki ake. Na daɗe ban ji daɗin yini kamar na Jumma'ar nan ba.

Ya ce in gaya miki, garantinki yanzu shi ne, ba takarda, ba shekara guda, muddin yana numfashi. In ta yi gardama ki ba direban kamyo ranar kasuwa, ya gyara ta koma miki a motar da ta kawo ta. Kuɗin gyara nawa ne. Kuma an yi sharaɗi, daga hannun direba sai hannun Illa, ba za ta biyo ta gidanmu ba. Innarki ce ta sa wannan.

Saura abu ɗaya. Innarki ta tambaye ni, "Wai don Allah mi ya kai ka?" Na ce karambani. Da na zauna rubutun nan na gane ba shi ba ne kaɗai. Tun kina ƙarama ba abin da kika fita da shi daga gidan nan da hannuna bai taɓa ba. Allonki ni na sassaƙa. Takalmanki na lakwal ni nake ɗinkewa in sun tsinke. Akwatin nan da kika je Yamai karatu da shi, ni na sa masa maratayi. Sai ga ki kin shigo da abu sabo ful, da kuɗinki, da takardarsa, ba ya neman komai wurina. Na yi murna, Allah ya sani, har na fita waje don kada ku ga idona. Amma da na ɗauke ta ran Alhamis, aibi nake nema a jikinta, ko ɗan ƙanƙane, in gyara, don ki tafi da abin da ubanki ya gyara miki. Ban samu ba, sai na yi mata. Kin girma, Uwata, ni ne ban shirya ba.

Ki yafe mini karya alkawari. Ba zan ce ba zan ƙara taɓa tocila ba, kin san ƙarya ne. Amma taki kam na gama.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki. Allah ya tsare ki daga sharrin mutum da na aljan, da maciji da kunama, da ciwon da ba a san kansa ba. Allah ya sa albarka a hannuwanki, duk wadda ta zo gabanki da ciki ta koma da goyo. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya ba ki haƙuri da su, ya ba su haƙuri da ke. Ki riƙe salla, ki ci abinci, kada aiki ya hana ki. Innarki na gaishe ki, ta ce yajin na cikin ƙullin shuɗin zane. Illa na gaishe ki.

In kin yafe, ki ba direba saƙo, ko kalma ɗaya ce, ko da baki. Lahadi mai zuwa ina tasha tun kafin mota ta iso.

Ubanki mai laifi,
Nomau